Baƙo da Ɗan Ƙasa: Sharhi kan Littafin Gérard Noiriel

An daɗe ana raba ƙasashen duniya gida biyu in ana maganar asalin al'umma. Gida ɗaya na ƙasashen baƙi ne, irin su Amurka da Kanada da Ostareliya da Arjantina, inda a ke cewa kowa zuwa ya yi, abin da ya haɗa jama'a kuwa doka ce da alkawari. Ɗaya gidan na tsofaffin ƙasashe ne, irin su Faransa da Jamus da Japan, inda a ke cewa harshe da al'ada gadonsu aka yi kaka da kakanni, baƙo kuma tarar da su ya ke yi. Rabon yana da sauƙin riƙewa, shi ya sa ya shiga littattafan makaranta, ya kuma shiga bakin masu tsara manufar harshe. Sai a ji ana cewa ƙasa kaza tsohuwa ce, harshe ɗaya ya dace da ita, ƙasa kaza kuwa ta baƙi ce, sai ta haƙura da harsuna barkatai.

Littafin Gérard Noiriel mai suna Le Creuset français, wanda aka buga a Paris a 1988, yana cikin waɗanda suka fi girgiza wannan rabo, kuma daga cikin Faransa ya girgiza shi. Sunan yana nufin tukunyar nan da maƙerin fari ke narka azurfa a ciki, kalmar da Amurkawa suka ɗauka taken ƙasarsu tun wasan kwaikwayon Israel Zangwill na 1908. Ɗora wannan take a kan Faransa tsokana ce, kuma marubucin ya san da haka. Littafin ba na ilimin harshe ba ne, na tarihin ƙaura ne cikin ƙarni na 19 da na 20. Duk da haka ya cancanci mai binciken harshe ya karanta shi a tsanake, domin tambayar da ya ke bi ita ce wadda ke ƙarƙashin kowane tsarin yaƙi da jahilci: wane ne ɗan ƙasa, kuma wa ya yanke haka?

Lokacin fitowarsa yana da muhimmanci. Jam'iyyar Front National ta sami kusan kashi 11 cikin ɗari a zaɓen majalisar Turai na 1984, da kirarin cewa baƙi sun cika ƙasa. A 1986 gwamnatin Jacques Chirac ta nemi gyara dokar zama ɗan ƙasa, har aka kafa kwamitin masana a 1987 don ya saurari jama'a. Masu son gyaran da masu ƙinsa duk sun haɗu a kan zato ɗaya, watau cewa zuwan baƙi sabon al'amari ne da ya faɗo wa tsohuwar ƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Noiriel, wanda ya fara aikinsa da tarihin ma'aikatan ƙarfe na Longwy a gabashin Faransa, inda Italiyawa da mutanen Polan suka cika masana'antu, ya san zaton ƙarya ne.

Lissafin ƙidaya ya ishe shi hujja. A 1851 aka fara ƙirga baƙi dabam, aka sami wajen 380,000. Zuwa 1881 sun haura miliyan ɗaya, galibinsu daga Beljiyam da Italiya. A ƙidayar 1931 sun kai miliyan 2.7, fiye da kashi 6 cikin ɗari na jama'a, Italiyawa wajen 800,000, mutanen Polan wajen 500,000. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Haihuwa ta ragu a Faransa tun kafin ta ragu a maƙwabtanta, manomanta suna riƙe da gonakinsu ba su son shiga ramin gawayi, sa'an nan yaƙin 1914 zuwa 1918 ya cinye maza wajen miliyan 1.4. A daidai shekarun da Amurka ta ja ƙofarta da dokar 1924, masu masana'antun Faransa suka kafa kamfani, a wannan shekarar, don ɗebo ma'aikata daga gabashin Turai jirgi-jirgi. Abin da ya biyo baya yana nan cikin jinin jama'a: binciken da ma'aikatar ƙididdiga ta Faransa ta fitar a 2022 ya nuna cewa kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ba su kai shekara 60 ba, ko su ne baƙin, ko iyayensu, ko wani daga cikin kakanninsu.

To, me ya sa ƙasar da haka ta ke ba ta san kanta ba? Amsar Noiriel ita ce zuciyar littafin. A Amurka, zuwan baƙi da ginin ƙasa tafiya ɗaya suka yi, saboda haka baƙo ya shiga labarin kafuwa. Faransa kuwa ta gama rubuta labarin kafuwarta da juyin 1789, kafin baƙin masana'antu su iso, sai suka tarar an rufe littafi. Masana tarihi suka bi sahu. A Amurka Oscar Handlin ya mai da ƙaura ginshiƙin tarihin ƙasa tun 1951, John Kennedy ya kira ƙasarsa ƙasar baƙi a sunan littafinsa na 1958, alhali a jami'o'in Faransa batun bai zama fannin bincike sosai ba sai cikin shekarun 1980. Bambancin, a ganinsa, yana ga abin da kowace ƙasa ta zaɓa ta tuna fiye da yawan waɗanda suka shigo mata. Wannan hujja ta tsaya, kuma shekarun da suka biyo baya ba su rushe ta ba. Tsibirin Ellis, inda mutum fiye da miliyan 12 suka shiga Amurka tsakanin 1892 da 1954, ya zama gidan tarihi a 1990. Faransa ba ta buɗe nata ba sai 2007, kuma shugaban ƙasa bai je ya ƙaddamar da shi ba sai 2014.

Babin da ya fi kowane ƙarfi shi ne na takarda da doka. A nan marubucin ya nuna cewa baƙo, yadda a ke fahimtarsa yau, hukuma ce ta ƙera shi. A farkon ƙarni na 19, mutumin da ya fito daga wani lardi na Faransa baƙo ne a Paris kusan kamar wanda ya ƙetaro daga Beljiyam. Abin da ya raba su daga baya shi ne jerin dokoki. Dokar 1889 ta ce yaron da aka haifa a Faransa, wanda ɗaya daga iyayensa ma a nan aka haife shi, Bafaranshe ne ko ya so ko ya ƙi, kuma babban dalilin shi ne kada ƴaƴan baƙi su tsere wa aikin soja alhali ƴaƴan gida suna yi. Dokar 1893 ta tilasta wa baƙo mai neman aiki ya yi rajista a garin da ya sauka. A 1917 aka ƙaga masa katin shaida, tun kafin a ɗora wa sauran Faransawa irinsa. Da hukuma ta fara raba wa jama'a haƙƙoƙi, na zaɓe da na fansho da na magani, sai ya zama dole a san wanda ke ciki da wanda ke waje. Noiriel yana bin wannan zance daki-daki, daga majalisa har teburin ɗan sanda, kuma a nan ne mai karatu ke ganin yadda kalma ɗaya a kan takarda ta ke sauya rayuwar iyali.

Ya kuma karya wata tatsuniya mai farin jini, wadda ke cewa baƙin da, Turawa Kiristoci, sun narke ba gardama, na yanzu ne suka gagara. A watan Agusta na 1893, a Aigues-Mortes, ma'aikatan gishiri Faransawa suka far wa Italiyawa, lissafin hukuma ya ce an kashe 8, kotu kuma ta sallami dukan waɗanda aka tuhuma. Cikin matsin tattalin arziki na shekarun 1930 an loda ma'aikatan Polan a jiragen ƙasa an mai da su gida, ana cewa addininsu da harshensu ba za su bari su zama Faransawa ba har abada. Jikokin waɗanda suka saura su ne yau ba mai iya rarrabe su sai da sunan mahaifi.

Sai dai littafin yana da rauni, kuma raunin farko yana ga madubin da ya riƙe. Amurkar da ke cikinsa an kawo ta ne don ta haska mantuwar Faransa, saboda haka mai karatu na iya fita da tunanin cewa can an tuna da kowa. Kirarin ƙasar baƙi shi ma mantuwa ce iri dabam. Ya bar mutanen da Turawa suka tarar, waɗanda ba a ba dukansu ƴancin zama ƴan ƙasa ba sai 1924. Ya bar bayin da aka kai daga Afirka a ɗaure, waɗanda ba wanda zai kira zuwansu ƙaura. Dokar 1790 ta keɓe zama ɗan ƙasa ga farar fata mai ƴanci, dokar 1882 ta hana ma'aikatan Sin shigowa. Ostareliya ta riƙe manufar fararen fata daga 1901 har 1973. Tsarin mulkin Arjantina na 1853 baƙin Turai ya ambata a fili cewa su gwamnati za ta ƙarfafa wa zuwa. Da marubucin ya juya madubin ya dubi Amurka da idon da ya dubi Faransa, da rabon gida biyu ya rushe ta ɓangarorin biyu. Shi ta ɓangare ɗaya ya rushe shi.

Ga mai binciken harshe, abin da ya fi dacewa shi ne a karanta Noiriel tare da littafin Eugen Weber na 1976, Peasants into Frenchmen, domin kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa. Weber ya kawo binciken ma'aikatar ilimi na 1863, wanda ya nuna cewa a cikin gundumomi 37,510 na Faransa, 8,381 ba a magana da Faransanci a cikinsu, watau kusan rubu'in jama'a. Harshen da a ke cewa gado ne kaka da kakanni, lakwal ta dole ta Jules Ferry ta 1881 da 1882 ce ta kai shi ƙauyuka, tare da barikin soja da hanyar jirgin ƙasa. Yaron Bretagne da ya yi yaren gida a filin makaranta akan rataya masa wani abin kunya a wuya, ya yi ta fakon wani yaron da zai kuskure don ya miƙa masa. Tsofaffin da suka yi lakwal a Damagaram ko Tawa zamanin Turawa ba sa bukatar a bayyana musu wannan abu, sun san shi da wuyansu. Ke nan ɗan Italiya da ya shiga aji a Longwy da ɗan manomin Bretagne injin ɗaya ne ya niƙa su, a shekaru ɗaya.

Ƙasar baƙi ba ta yi dabam ba. Jamusanci ya yi ƙarfi a Amurka da makarantunsa da jaridunsa har zuwa yaƙin 1914. A 1918 gwamnan Iowa ya hana magana da wani harshe ban da Ingilishi a makaranta da coci da wayar tarho. A 1919 jihar Nebraska ta haramta koyar da harshen waje ga yaron da bai gama aji takwas ba, sai a 1923 Kotun Ƙoli ta soke dokar, bayan an hukunta wani malami don ya karantar da yaro labarin Littafi Mai Tsarki da Jamusanci. Ƴaƴan mutanen asali kuwa an kwashe su zuwa makarantun kwana, irin ta Carlisle da aka buɗe a 1879, don a raba su da harsunansu. Binciken da Joshua Fishman ya jagoranta, wanda ya fito a 1966, ya nuna hanyar da harsunan baƙi ke bi a can: kaka yana magana da harshen gida, ɗa yana da biyu, jika Ingilishi kaɗai. Wannan zango uku shi ne abin da ya sami Italiyanci da harshen Polan a Faransa. In har akwai bambanci, a kan takarda ya ke. Faransa ta ɗora harshenta a kan shari'a da mulki tun dokar Villers-Cotterêts ta 1539, ta sa shi cikin tsarin mulki a 1992, Amurka kuwa ta rayu ba harshen hukuma a matakin tarayya har umurnin shugaban ƙasa na watan Maris 2025. Rashin takardar bai ceci harshen baƙo ko ɗaya ba. Kanada ce ta ɗan kauce, da dokar harsuna biyu ta 1969 da manufar al'adu masu yawa ta 1971, amma abin da ya tilasta mata dokar harsuna biyun shi ne Faransawan Quebec, waɗanda suka fi kowane Bature daɗewa a wurin.

Rauni na biyu ya fi nauyi, kuma mai karatu a Nijar zai riga na Paris ganinsa. Ma'aunin Noiriel gida biyu gare shi, ɗan ƙasa da baƙo, alhali daular Faransa tana da gida na uku. Mutumin Maraɗi ko na Aljeriya kafin 1946 ba baƙo ba ne a idon doka, na Faransa ne, ana karɓar harajinsa, ana ɗaukarsa soja, amma ba shi da ƙuri'a, kuma kwamanda na iya ɗaure shi ba shari'a a ƙarƙashin dokar indijena. Dokar Lamine Guèye ta Mayu 1946 ce ta ba shi sunan ɗan ƙasa, ƴancin kai kuma ya mai da shi baƙo bayan shekaru kaɗan. Littafin yana karkata ga cewa waɗannan mutane za su bi hanyar da Italiyawa suka bi, wahala a farko, narkewa daga baya. Akwai alheri cikin wannan hujja, domin an yi ta ne don a rufe bakin masu cewa Musulmi ba ya narkewa. Amma Ba'italiye bai taɓa zama talakan daular ba. Ba a harbe kakansa a Thiaroye a Disamba 1944 don ya nemi kuɗin aikinsa na soja ba, ba a daskare fanshon ubansa da dokar 1959 ba, launin fatarsa kuma ba ya bin jikansa bayan suna da harshe sun ɓace. Abin mamaki, gidan tarihin ƙaura da aka buɗe a 2007 an sa shi ne cikin ginin Porte Dorée, wanda aka gina don bikin nunin mulkin mallaka na 1931. Noiriel yana cikin masanan da suka tsara shi, yana kuma cikin takwas da suka yi murabus a Mayu 2007 don ƙin sabuwar ma'aikatar da ta haɗa ƙaura da asalin ƙasa a suna ɗaya. Wannan ya nuna inda zuciyarsa ta ke, amma bai cike giɓin littafin 1988 ba.

In aka ɗora ma'aunin gida biyu a kan ƙasar Hausa, ba ya zama. Ƙasa ce tsohuwa, da birane masu ganuwa da jerin sarakuna masu tsawo, amma labarin kafuwarta na baƙo ne, Bayajidda, wanda ya iso Daura ya auri sarauniyar da ya tarar. Sarautar Maraɗi ta Katsinawa ce da suka fito bayan jihadin 1804, shi ya sa har yau sarkin Katsina a ke kiran mai riƙe da ita. Tsibiri ta Gobirawa ce da suka sake zama bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Gidan sarautar Damagaram asalinsa Barebari ne, garin kuma Birni da Zango ne, mazaunin sarki da masaukin fatake. A Arewa, yadda Marc-Henri Piault ya bayyana a 1970, sarauta tana hannun masu cewa daga Barno suka zo, sha'anin ƙasa da iskokinta kuwa yana hannun Gubawa da aka tarar. A nan ana tuna baƙuntar masu mulki, har ana kirari da ita, harshe kuma yana haɗiye kowa ba tare da lakwal ta dole ba. A waje kuma Bahaushe ne baƙon. Abner Cohen ya nuna a 1969 yadda mutanen Sabo a Ibadan suka ƙara ƙarfafa Hausancinsu don su riƙe cinikin goro da shanu, ke nan asali wani lokaci jari ne a ke tattalinsa. Inda hujjar Noiriel ta yi daidai sarai shi ne zancen takarda. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, sai ga mutanen zango, har da waɗanda a can aka binne cibiyarsu, a kan hanyar Nijar da Nijeriya. An ce baƙo raɓa ne, amma waɗannan ba su san baƙi ne ba sai da aka nemi katinsu.

Wannan ne ya sa littafin ya shafi masu tsara karatu a Nijar kai tsaye. Tun makarantar gwaji ta farko da aka buɗe a Damagaram a 1973, Hausa tana matsayin harshen da a ke nema wa wuri kusa da Faransanci. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, daga Hausa da Zabarmanci har Buduma da Tasawak. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ware Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, sauran kuma harsunan da a ke magana da su a ƙasar. Da wannan, mai rubuta littafin karatu da Hausa ya koma kujerar da mushen Jules Ferry ya zauna, yaron Tubawa a Bilma ko na Gurmawa a Makalondi na iya komawa kujerar yaron Bretagne. Tarihin Faransa da na Amurka duka sun nuna cewa zango uku ya isa harshe ya bar gida, ko da doka ko babu.

Akwai kuma aikin ƙamus da ba a gama ba. Faransanci ya raba wanda ke da takardar ƙasa, da wanda ke da ƙuri'a a cikinta, da wanda kakanninsa suka fara sare dajin wurin, kowanne da kalmarsa. Hausa tana kiran dukan ukun ɗan ƙasa. A Arewa, ƴan ƙasa su ne gidajen da ke riƙe da tsafin wuri, ma'anar da ta ware sarki kansa. A ɗan littafin yaƙi da jahilci mai bayanin takardar haihuwa ko katin zaɓe kuwa, kalmar dole ta haɗa sarkin, da Bagube, da jikan bafataken da ya sauka a Zango shekara ɗari da suka wuce. Baƙo ma haka ya ke, yana nufin wanda aka shimfiɗa wa tabarma, yana kuma nufin wanda jandarma ke neman takardarsa a kan iyaka. Mai fassara dokar zama ɗan ƙasa zuwa Hausa, in ya isa aya ta farko, sai ya zaɓi ko ya ƙirƙiro kalma, ko ya yi wa tsohuwar iyaka da bayani a gefe, kuma manomin da za a karanta wa ita a Dogonduci da ma'anar kakanninsa zai fara jin ta.